Injin Matsar Man Gyaɗa

Shekarar da mutane suka yi ta gudowa Yola saboda hare-haren 'yan bindiga, wata mata daga wani ƙauye a gefen Madagali ta sauka gidana a Wuro Hausa, daga ita sai zanen jikinta. Ban cika son baƙi ba. Amma na ga suyar gyaɗarta: ba ta kallon kasko, kunne take kasawa, da ƙarar gyaɗar ta canza sai ta sauke. Na ce ta zauna. Shekara uku muna ƙuli-ƙuli tare, ni nake kaiwa kasuwar Jimeta.

Sai aka yi shela cewa jami'a za ta koya wa matan karkara gyaran sana'ar abinci. Ni 'yar gari ce, ba a ɗauke ni ba. Ita aka ɗauka. Kullum ta sauko daga keke da sabon karatu: a ɗaure kai, a tace mai sau biyu, kada a zuba a tsohuwar robar ruwa.

Adda take ce mini, wato yaya da Fulatanci. "Adda, yau malamin sai da ya ci ƙulina uku."

"Yunwa yake ji," na ce.

Ranar ƙarshe aka ce duk wadda ta gama za a ba ta injin matsar mai, amma a ƙauyenta za a kafa shi, tunda tallafin na karkara ne. Wasu suka ba da sunan ƙauyukan kusa da Yola, inda suke da dangi. Ta tambaye ni ko ita ma ta yi haka.

Na ce, "Sana'ar da aka fara da ƙarya ba ta albarka. Faɗi garin ubanki."

Ta faɗa. Bayan damina aka ce hanya ta yi lafiya, ta shirya. Na raka ta tasha, na cusa mata kaskona cikin kaya. Ta leƙo ta taga: "Galan na farko naki ne, Adda. Kada ki ce da ɗaci."

Galan ya zo, wani direba ya kawo. Mai garau, tata biyu. Bayan wata biyu direban ya dawo hannu wofi. Ya ce an sake shiga ƙauyen, an ƙone rumfar injin, ita kuma tana cikin waɗanda aka binne.

Har yau da hannu nake matsa. In mace ta zo neman shawarata, sai in ce ta tambayi wata. Man yana ƙarƙashin gadona, ban taɓa buɗewa ba. Na san ya daɗe da lalacewa.