Ranar da Na Yi Gadin Gashin Maƙwabciyata

Shekarun baya can, lokacin ina zuwa kasuwa in dawo ba sanda, wasu mata da miji 'yan Kudu suka kama haya jikin gidanmu a Kazaure. Mijin kayan babur yake sayarwa. Na ɗauka Kiristoci ne, sai na ga Lahadi yana shago, Asabar kuwa ko wuta ba sa hurawa. Na tambayi matar, ta ce addinin Yahudu suke bi. Na ce to. Ni ban yi boko ba, amma rabin 'ya'yan unguwarmu a hannuna suka faɗo, don haka a ganina ba wani sha'anin mata da za a koya mini.

Sau biyu matar ta yi ɓari kafin su zo. Ciki na uku yana wata shida ta ga ɗan jini. Muka je asibiti, aka ce ɗa na nan lafiya, ta huta. Tun ranar na riƙi cikin nan kamar na 'yar da na haifa.

Kullum ina shiga duba ta, sai na lura mijin ya raba shimfiɗa. In zai ba ta magani, a kan kujera yake ajiyewa ita ta ɗauka. Kwano ɗaya ma sun daina ci. Raina ya ɓaci, na tare shi a zaure.

"Kai ɗan nan, ƙyamarta kake yi don ta ga jini? In ka gaji da ita, ɗakina a share yake."

Ya durƙusa ya ce, "Mama, ni na fi ta ƙosawa. Ki tambaye ta."

Da na tambaye ta, dariya ta yi har tana tallafe ciki. Ta ce a wajensu mai ciki ba ta da wannan takura sai in jini ya ɓullo. In ya ɓullo, miji ba ya taɓa ta ko da ɗan yatsa, sai jinin ya ɗauke, ta ƙirga kwana bakwai tana dubawa da farin ƙyalle safe da yamma, sannan ta yi wankan tsarki.

Na ce, "Ai mu ma muna wankan tsarki, sai dai mu ba a hana miƙa cokali."

Ranar cikon bakwai na ɗora ƙatuwar tukunya, na zuba ganyen darbejiya kamar na wankan jego, na kai mata ina taƙama. Ta dubi ruwan ta ce, "Mama, kin wahala, amma wanda aka ɗebo da bokiti ba ya yi mana. Sai ruwan da ya taru da kansa, in nutse gaba ɗaya."

Tafkin bayan dutse take nufi, ga shi damina ta cika shi.

Na ce, "Ba da ni ba, 'yar nan. In sanyi ya kama cikin nan ya zube, me zan ce wa Allah?"

Ta ce ta tambayi ma'aikaciyar asibiti, an ce ba laifi in ba ta daɗe a ciki ba. "In ban shiga ba, haka za mu zauna har in haihu, ko hannuna ba zai riƙe ba. Kuma sai da mace a tsaye tana duba kada gashi ko ɗaya ya rage a saman ruwa. Ba ni da kowa a garin nan sai ke."

Wannan maganar ce ta karya ni. Da la'asar na je ni kaɗai, na tattare zani na shiga, ina lalube da ƙafa har na sami wuri mai yashi, ba santsi, ruwa iya ƙirji. Rana na faɗuwa muka tafi, ta riga ta tsefe kitsonta. Ina riƙe da tocila, bakina na addu'a, ta nutse ta ɗago.

Sai na ji kaina ina cewa, "Bai yi ba. Na ga tsinin gashi ta ƙeya. Koma."

Ta koma. Wannan karon ruwa ya rufe kanta ruf. Na naɗe ta da zani biyu, na ɗura mata kunun kanwa mai zafi, na kwana uku ina tambayarta ko ɗan yana motsi.

Cikin ya zauna. Da watansa ya cika ta haifi 'ya mace. Sun daɗe da komawa garinsu, ban kuma sake haɗuwa da mai irin addininsu ba, ga tambayoyi fal a cikina da ban yi ba don girman kai. Abin da na koya dai, in na ga abu a ɗakin mutane, sai na tambaya kafin in tare miji a zaure. Faɗan kuwa ban daina ba.

Amma har yau abin na ɗaure mini kai. Ni ce na rantse ba za ta taka ruwan nan ba, ba addinina ba ne, ba wanda zai sani in na yi shiru. Kuma ni ce da bakina na mayar da ita ciki saboda tsinin gashi.