Kara Biyu Gicciye

Shekarar da Nasara suka ce kowace unguwa ta Gaya ta ba da yaro a kai lakwal, wato makarantarsu ta boko, mu biyu ne maza a gidanmu, ni da yayana. Shi ƙato ne tun yana ƙarami, yana tuƙa jirgi ya haye gulbi shi kaɗai, in ya kama kunya a gona sai ya kai ƙarshenta yake ɗaga kai. Ni kuwa siriri ne, ga zazzaɓi duk damina. Babanmu bai yi dogon tunani ba, ni ya miƙa wa gardi, dogarin Nasara. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, don ko ni aka ce in ba da akuya ɗaya cikin biyu na san wadda zan kama.

Da na gama abin da ake koyarwa a garinmu aka tura ni Yamai. Can na haɗu da aljebur. Mushen da ke koya mana, wato malaminmu, mutumin bakin teku ne, dogo, ba ya dariya. Ranar farko ya ja layi biyu gicciye a kan babban allo ya ce sunan wannan iks, shi ne abin da ba a sani ba. Ya ce aikinmu mu tattara duk abin da muka sani mu tura gefe guda, mu bar iks shi kaɗai a ɗaya gefen, to a nan zai faɗi ko shi wane ne. In amsa ta fito kuma, kada mu yarda da ita sai mun mayar da ita gurbinsa mun ga ta zauna daidai. Na iya abin sosai, kuma shi kaɗai ne darasin da ba a taɓa dukana a kansa ba.

Da na zo hutu Inna ta tambaye ni me ake cusa mana a ka. Ƙuruciya da son burgewa suka sa na ce ana koya mana nemo abin da ba a sani ba. Na tsuguna a tsakar gida na zana mata iks a rairayi, na jera lambobi, na fito da amsa. Ta leƙa zanen.

"Ashe su ma Anasara suna bugun ƙasa," in ji ta.

Na yi bayani har bakina ya bushe, a banza. Kafin hutun ya ƙare wata maƙwabciya ta zo in duba mata inda tunkiyarta ta shiga. Yayana ya yi dariya har da riƙe ciki, daga ranar kuma ya raɗa mini suna boka mai kara biyu. Ko a kasuwa ya hango ni da shi yake kirana.

Na gama lakwal na dawo gida, Baba ya riga ya rasu. Aka ba ni aikin tafinta a ɗakin shan magani, ina tsayawa tsakanin likita da masu ciwo, in juya Dendanci da Hausa zuwa Faransanci, in juyo. Ciwon ciki da gyambo ba su da iks. Na ajiye aljebur inda na ajiye wandon lakwal.

Bayan kaka guda aka zo ɗibar mutane aikin tilas, za a kai su kudu, ƙasar Dahome, aikin hanyar jirgin ƙasa. Ni ma'aikacin Nasara ne, ba a taɓa ni. Yayana aka ɗauka, saboda ƙarfin nan da ya hana a kai shi lakwal. Muka raka su bakin gulbi, suka haye. Da wa'adi ya cika mutane suka dinga dawowa a rarrabe, ramammu, ba sa son magana. Shi bai dawo ba. Wani ya ce an raba su tun a hanya. Wani ya ce ya ji ya gudu ƙasar Ingilishi, wajen Illo. Wani ya ce ya bar shi ba lafiya, amma da aka matsa masa sai ya ce wataƙila ba shi ba ne.

Inna ta je wajen malamai, ta je wajen masu bugun ƙasa na gaske. Kowa ya ce yana raye, yana kusa da ruwa. A ƙasarmu ban san wanda ba ya kusa da ruwa ba. Abin da take so ɗaya ne, ko haka muka ɗauka: ta san ko ta yi masa sadakar mamaci ko ta ci gaba da ajiye masa tuwo.

Wata la'asar na dawo daga aiki na tarar ta share wuri a gindin bango, ta shimfiɗa tabarma, ta baje rairayi mai laushi.

"Zamna ka buga min naku," ta ce.

"Inna, namu ba ya gano mutum. Lissahi ne kawai, na lambobi."

"Mi yake buƙata?"

"Sai an ba shi abin da anka sani. Kuma ko an ba shi, ba ya gano mutum, na hwaɗa miki."

"Na ji. Zana karan."

Na zana. Ta gyara zama ta fara ba ni abin da aka sani. Ranar Alhamis ya tafi. Riga baƙa ce a jikinsa, wadda ta ɗinke masa a hammata. Ta tsaya ta dube ni, sai na ga jira take in sa wani abu a ƙasa, na ja ɗan layi. Da magariba ta kusa ta tambaya ko ya fito. Na ce bai fito ba, kuma ba zai fito ba. Ta ce to, ta naɗe tabarma.

Washegari ta sake shimfiɗawa. Haka muka yi ta yi, rani da damina, in ruwa ya sauko mu koma zaure. Da bayanin ranar tafiya ya ƙare, ta shiga siffanta jikinsa. Ɗan yatsansa na ƙafar hagu ba shi da farce, turmi ne ya faɗa masa yana rarrafe. Akwai tabo a kafaɗarsa inda ƙayar kifi ta shige shi. Ba ya cin miyar kuɓewa ko yunwa za ta kashe shi. In yana ɗaure igiya yakan ciji leɓensa na ƙasa. In ya yi atishawa yakan nemi gafara kamar ya yi laifi. Ni da muka kwana ɗaki ɗaya da shi ban san rabinsu ba. Kowace rana sai na maimaita mata cewa wannan lissafin ba ya gano mutum, ita kuma ta ce ta ji.

Mutane sun daina ambatonsa. Ni ma, in faɗi gaskiya, ba na jin komai a zaman nan. Ba baƙin ciki, ba fata. Ina jan layi a ƙasa kamar yadda nake wanke hannu kafin cin abinci. Wani lokaci tana magana ina tunanin ko an kawo garin kinin, maganin zazzaɓi.

Sai wata safiya aka kawo wani mutum daga wajen Tanda da tsohon gyambo a ƙauri. Likita ya ce in tambaye shi inda ya samo shi. Ya ce a aikin hanyar jirgi, ƙarfe ne ya faɗo masa. Likita na wanke ciwon, shi kuma yana ta zuba don ya manta da zafi. Ya ce da ba don wani mutumin Gaya ba da can zai mutu, shi ya dinga goya shi zuwa bukka. Bai san sunansa na gaskiya ba, Sarkin Jirgi suke ce masa. Ƙato, amma in ya yi atishawa sai ya ce a gafarce shi, su yi ta dariya. Ranar da aka dafa kuɓewa kuwa gayan tuwo yake ci.

Na tambaye shi ƙafar hagu ta Sarkin Jirgin nan. Ya ce ɗan yatsan ba farce, ya gani da idonsa, don yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Zawo ne ya kama shi. Na tambayi kafaɗa, ya nuna mini wurin a tasa kafaɗar. Ya ce sun yi masa salla, sun rufe shi a gefen hanyar, ƙarƙashin wata ɗorawa. Likita ya tambaya me yake cewa haka. Na ce yana cewa ciwon na yi masa zafi da dare. Muka gama da shi, na kira mai bi masa, wata mata mai ciwon ido.

Tun daga lokacin an sha tambayata ko aljebur na da amfani ga mutum bayan ya bar lakwal. Nakan ce ni dai sau ɗaya ya yi mini aiki, kuma ya yi daidai yadda mushe ya ce. Ba na ƙarawa, su ma ba sa tambaya.

Da la'asar na tarar ta shimfiɗa tabarma. Ta ma zana karan da kanta, don ta daɗe da iyawa. Na zauna, ban taɓa ƙasar ba. Na faɗa mata duka, yadda mutumin ya faɗa, ban rage ba.

"Ka tabbata shi na?"

"Na mayar da kowane gurbinsa, Inna. Yatsan, kahwaɗa, kuɓewa, atishawa. Duk sun zamna."

"Mutumen ya san sunanai?"

"Bai sani ba."

"To da mi ka gane shi?"

"Da abin da kinka ba ni."

Ta dubi layukan da ke gabanmu, ba ta yi kuka ba. Kaji suna tono a bayan rumbu, wani yana kiran jirgi daga can bakin ruwa. Sai ta ɗago.

"Kai ka ce min ba ya gano mutum," ta ce. "Kullum sai ka hwaɗa. Na yarda da kai, shi ya sa nike zamnawa, in samu wurin ambatonai."

Ta tashi ta ɗauko tsintsiya ta share wurin, ta naɗe tabarma ta jingine a bango. Sannan ta shiga rumbu ta ɗebo geron da za a daka na sadaka.