Lawali da ruwan kwalbar fure

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina bisa mashin, hanyar Bakura, aka kira ni wai Lawali ya rasu.

Taubashina ne, ɗan kawuna, manomin shinkafa bakin kanal ɗin ruwa na dam ɗin Bakolori. Tun muna makarantar allo nake wahal da shi. Na taɓa sa mai kwaɗo cikin buta, ya leƙa ya ce ma kwaɗon, "Malam, kai ma alwala kaz zo?"

Bai taɓa ramawa ba. In ya casa shinkafa, gidanmu yake fara aiko wa.

Bel ɗin injin ban ruwa ne ya yanke shi a ƙafa. Aka kwantar da shi asibiti, aka ɗinke, har ya fara samun sauƙi. Sai wani mai sayen shinkafarshi ya zo dubiya daga birni da furanni cikin kwalba da ruwa, aka aje kusa da gadonshi.

Da na je na ce, "Bawana, yaushe ka koma Bature?"

Ya ce, "Rabu da ni, ɗan banza. Da hura ya kawo man da ta hi."

Bai iya takawa zuwa famfo, kuma yana jin nauyin ya riƙa aiken Inna, tsohuwarshi da ke jinyarshi. Sai ya dinga tsiyayar ruwan kwalbar yana alwala, yana shafa bisa bandeji. Gabana ya yi. A karatunmu, ruwan da bai sake launi ba, bai yi wari ba, mai tsarki ne. Dariya na yi, na ce sallarshi za ta yi ƙamshi.

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Daga baya nas ta gani ta ɗauke kwalbar. Ta ce ruwan fure in ya kwana ƙwayoyin cuta ke hayayyafa ciki, ido bai ganinsu. Ciwon ya yi ruwa, ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya ƙi sauka. Likita ya ce ba zai rantse daga nan ne ba, amma cutar ta riga ta shiga jini.

Yanzu Inna na zaune tsakar gida tana ta maimaita, "Mi ya hana shi ce man in ɗebo?" Ni take kallo in ta faɗa.

Allah Ya gafarta ma Lawali, Ya sa jinyarshi ta zama kaffara, Ya raya ɗiyan da ya bari. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi cikin addu'a. Ku sa Inna ma, tun safe ko ruwa ta ƙi sha.