Akwatin Kilishin Baba Hammadu

Ni na buga takardar da ta kashe aikin Baba Hammadu, da yatsuna, a kan tafiretar ofis, kuma ko harafi ɗaya ban kuskure ba. Shekara talatin ke nan. Amma duk Agusta, in ruwa ya tsare mu a ɗaki, sai in ji kamar ƙarar fankarsa na tasowa daga bayan katanga, alhali na san babu kowa a can.

Baba Hammadu mahauci ne, mutumin Gusau, maƙwabcinmu a unguwar Hausawa ta New Bell, a birnin Duwala. Dogo ne, marar yawan magana, hannunsa kullum ja da yaji. Kilishi yake yi, kuma duk wanda ya san Duwala ya san ya ɗauko wa kansa wahala. Kilishi rana yake so, mu kuwa sai a kwana biyar ruwa bai ɗauke ba. Ya yanyana nama sirara, ya shimfiɗa a faifai, kafin ya bushe ya yi funfuna. Sauran mahauta da damina ta kama sai su koma tsire. Shi ya ce bai baro garinsu don ruwa ya sauya masa sana'a ba.

Sai ya sayo mataccen firji wurin 'yan gwangwan. Ya huda ƙasansa ya sa aljihun ƙarfe na gawayi, ya jera ragar waya hawa-hawa, ya ɗaura fankar wata tsohuwar mota da batir. Damina uku yana fama. A ta farko naman gasuwa ya yi maimakon bushewa, unguwa ta cinye ta kuma yi masa dariya. Matarsa Azumi ta ce ita dai mahauci ta aura, ta wayi gari da maƙeri. A damina ta uku, ana tsaka da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya aiko mana da kilishi a takarda, busasshe ƙayau. Babana ya ci, sannan ya ɗauki lema ya je ya ba shi haƙurin dariyar da ya yi.

Lokacin ƙasa na cikin matsi. An zaftare albashi, masu digiri sun koma haya da babur. Ni kuwa ina buga takardu a wani ofishin gwamnati da aka ba asusu don tallafa wa masu ƙirƙiro sabuwar dabara a ƙananan sana'o'i. Kullum ina ganin masu samu: 'yan kwat da nektai, ɗauke da hotunan injinan da ko taɓa su ba su taɓa yi ba. Abin ya riƙa cin raina, har na je na sami tsohon.

"Baba, kuɗin nan don irinku aka ware shi. In suka ga akwatin nan yana aiki za a ƙera goma, kowane mahauci ya samu."

"Naja'atu, ni ban iya Faransanci ba."

"Ni na iya. Kai dai dangwala hannu kawai za ka yi."

Sharaɗi ɗaya ne: kwamiti ya zo ya ga abin yana aiki da idonsa. Na sa masa rana a Agusta. Direba ya ce motar ofis ba ta shiga New Bell da damina, lambatu sun cika sun shafe hanya. Shugaban kwamiti ya ja layi a kan Agusta ya rubuta Janairu. Na sake bugawa, duk da na fi kowa sanin irin ranar da ake yi a Janairu a garin nan.

Ana gobe za a zo na gargaɗi Baba Hammadu ya kunna akwatin. Washegari muka iso, maza uku cikin kwat da ni a baya riƙe da fayil, rana kamar za ta fasa kai. Muka tarar da nama baje a faifai a tsakar gida. Akwatin yana gefe, sanyi ƙalau, an lulluɓe shi da buhu.

"Haba Baba! Ba na ce ka kunna ba?"

"'Yata, dubi ranar nan. Allah ya ba da ita kyauta, ni kuma in ƙona gawayi don baƙi su kalla? Ai mahauta sai su ce na taɓu."

Shugaban ya ce in tambaye shi wanne ya fi daɗi, na rana ko na akwati. Na tambaya ina ƙifta masa ido. Ko kallona bai yi ba.

"Na rana mana, wa zai haɗa? Akwati ai don lokacin da babu ranar ne."

Wallahi na fassara maganar har ƙarshenta. Suka ci kilishi, suka yaba, aka ƙunsa musu na gida. A rahoton da aka miƙo mini rabin farko kawai na gani: wai mai neman tallafin shi kansa ba ya amfani da na'urar, kuma ya yarda hanyar gargajiya ta fi. Na buga. Ina da 'ya'ya biyu, kuma a watan nan aka karya darajar kuɗinmu.

Da na bar shi haka, da ya tsira da akwatinsa. Amma kunya da taurin kai suka sa na tono wata ƙa'ida: in aka kawo na'ura ofis, gwani zai zo daga Yawunde ya gwada ta. Baba Hammadu bai so ba. Na yi ta zarya har ya gaji da ni. A Afrilu aka ɗora akwatin a amalanke, yana biye a ƙasa, hannunsa a kai tun daga gida har ƙofar ofis. Aka manna masa lamba aka tura sito.

Gwani bai zo ba. A Yuni aka rufe asusun, aka sallame mu, aka garƙame sito aka sa hatimi. Ruwa ya sauko. Kowace Litinin Baba Hammadu yakan tsaya bakin ƙofar da lemarsa, mai gadi yana maimaita masa cewa duk abin da ke ciki kayan gwamnati ne. Ƙera wani kuwa ya gagara, don farashin batir da waya ya ninka, idonsa kuma ya fara rauni. Bai koma tsire ba. Ya bar wa abokin sana'arsa Rabe wuƙaƙensa, shi da Azumi suka koma wurin 'yarsu Delu a unguwar PK 14, can bayan gari. Daga baya na ji an kwashe sitonmu an sayar wa 'yan gwangwan a kilo. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan shekara biyu Delu ta aiko cewa jikin ya yi tsanani. Na je da hantsi. Yana kwance a tabarma, ya rame, hannun nan ya yi fari. Muka gaisa. Bai yi mini ƙorafi ba, da ya yi ma da na ji sauƙi.

"Naja'atu, gwanin nan, ya zo kuwa? Sun kunna shi?"

Na dubi Delu, ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ya zo, Baba. Sun kunna. Ya yi mamaki ƙwarai."

Fuskarsa ta washe, har ya yunƙura ya jingina da bango.

"Alhamdu lillahi. Awa nawa ya ɗauka kafin naman ya bushe?"

Na yi shekaru ina jin ƙarar akwatin nan ta katanga, na cika masa takarda shafi goma sha biyu, amma ban taɓa tambayarsa wannan ba.

"Awa uku," na ce.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya zame ya kwanta a hankali.

"Tara yake ɗauka," ya ce. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ki gaida gida."