Dashen Haƙorin Baba Saje

Har gobe ba zan manta da Talatar da Baba Saje ya dawo asibitinmu yana murmushi ba. Ku sababbin ma'aikata ku saurara, don kuskuren nawa ne, kuma ba na ɓoye shi.

Lokacin shekarata biyu da ajiye tsintsiya na koma taimaka wa likitan haƙori. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka na san inda maganar likita ke shige wa mutanenmu duhu, ni ke warware musu ita.

Baba Saje tsohon soja ne da ya koma noma a Manga. Turmin haƙorinsa ɗaya ya fita, aka yi masa dashe. Ana huda ƙashin muƙamuƙi ne a kafa wata 'yar ƙusa mai kaushi, don sabon ƙashi ya tsiro ya riƙe ta, a rufe kanta da ɗan murfi. Sai bayan wata uku ake ɗora haƙori. Kafin nan ba a so ta motsa ko kaɗan. Likita ya ce ƙashin Baba siriri ne, in wannan ta ƙi, da wuya a sami wurin kafa wata.

Ranar aikin na ce masa, "Baba, kamar dashen mangwaro ne. Ka ba shi lokaci ya yi saiwa."

Bayan sati uku ya zo a duba shi. Ya ce, "'Yata, ina kula da shi sosai. Kullum da safe nakan ɗan ja shi in ji ko ya kama. Kwana biyun nan yana rawa, amma haka dashe yake."

Na ce, "Wa ya ce ka ja?"

"Ke kika ce dashe ne. Wane manomi ne ba ya gwada dashensa?"

Likita na can yana wanke hannu. In na yi shiru, tsohon za a ɗora wa laifi. Na shiga na ce, "Likita, ni na ɓata aikin nan da bakina." Ya ji bayani, ya ce a ɗauki hoton ƙashi. Na riƙe masa farantin kayan aiki. Ya daɗe yana duban hoton, sannan ya sa hantsaki ya gwada. Ashe murfin ne ya kwance, ƙusar tana nan daram. Ya ɗaure shi, ya ƙara wa Baba wata guda na jira.

Ya ce, "Mama Rahila, Allah ya rufa mana asiri. Ki nemi wani misalin."

Baba Saje ya tofar da auduga. "Da kin ce ƙwai ne kaza ke kwance a kai, ko leƙawa ba zan yi ba."

Misalinsa nake bayarwa har yau. Mutanenmu ba taurin kai gare su ba, bin magana suke yi har ƙarshenta. Don haka kafin ku ba manomi misali da gona, ku fara tambayarsa abin da shi yake yi a gonar.