Rasit na Shekara Goma Sha Bakwai

Marlys Dostal ba ta karɓar gyara, kuma ba ta taɓa yin kamar tana karɓa ba. In ka ce mata hanyar hagu ta fi kusa, sai ta ce ai ba ta tambaye ka ba. Mijinta Orrin ya yi shekara talatin da huɗu yana ce mata "To," har ya koma ga Mahaliccinsa.

A wani ƙaramin gari na jihar Iowa aka haife ta. Nan ta gama sakandare, nan ta shiga masana'antar tagogi tana 'yar shekara goma sha tara, tana manna roba a bakin gilashi a tsaye har gwiwoyinta suka fara ƙara. Ba ta haihu ba. Duk abin da ta tsira da shi a duniya gida ne mai ɗaki biyu, sai ƙanwarta Verna, mai shagon gyaran gashi.

Tana da shekara arba'in da biyar kamfanin ya sauya musu inshorar lafiya. Sabuwar ta fi araha a wata, amma sai mutum ya kashe dubban daloli daga aljihunsa kafin ta motsa. Aka haɗa musu da asusun lafiya. Abin da ka zuba a ciki ba a cire masa haraji, yana can yana haihuwa, in ka fitar don magani nan ma ba haraji. In kuwa ka fitar don wata buƙata daban kafin ka cika shekara sittin da biyar, ga haraji, ga tarar kashi ɗaya cikin biyar.

Matan da suke layin aiki ɗaya da ita zuba yau kwashe gobe suka riƙa yi. Marlys ta zauna ta karance takardun tas, ta gano cewa doka ba ta yanka wa'adin karɓa ba. Kana iya sayen magani da kuɗin aljihunka, ka adana rasit, ka bar asusun yana ƙiba. Bayan shekara goma ko ashirin ka fito da rasit ka biya kanka, ka yi abin da ka ga dama da kuɗin. Dabara ce mai kyau, ba wanda ya ce ba haka ba.

Amma ta ci jiki. Ƙwayoyin zuciyar Orrin, tabaranta, cikon haƙori, duk daga albashi. Sun ci dankali da miyar gwangwani har suka gundure su. Motarsu ta tsufa har makanike ya daina yi musu ƙarya. Kowane rasit sai ta miƙar da shi da tafin hannu, ta jefa a gwangwanin biskit. In ya cika ta rubuta shekara a murfi, ta hau tsani ta kai shi saman silin.

"Ke Marlys, ɗauki hotonsu da waya mana," in ji Verna wata rana. "Ko ki ba ni in yi miki kwafi."

"Waya tana faɗawa ruwa."

"Takarda kuma ɓera na ci."

"Shi ya sa nake sawa a gwangwani, malama mai ilimi. Je ki ji da kan mutane."

Orrin ya rasu. Bayan shekara biyu kamfanin ya rufe layinsu, tana da sittin da biyu. Ta samu aikin shara na rabin yini a wani ofis. A damina ta gaba rufin gidan ya fara yoyo daidai kan gadonta. Mai gyaran rufi ya hau, ya sauko yana kaɗa kai. Ya ce dala dubu goma sha huɗu, kuma lallai kafin dusar ƙanƙara ta sauka, in ba haka ba katakon zai ruɓe. In ya ruɓe, abin da ya rage shi ne ta sayar da gidan a wulaƙance ta koma ɗakin bayan shagon Verna, inda warin man gashi ba ya fita.

Ko a jikinta. Don irin wannan rana ta yi tanadi.

Da safiyar wata Asabar Verna ta riƙe mata tsani, Marlys ta sauko da gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, gwiwa na ƙara. Ta buɗe na farko a teburin kicin. Ta ɗago takarda, ta juya bayanta, ta sake juyowa.

"Miƙo min tabarau."

"Yana kan hancinki."

Takardar fara ce fat. Ta biyu ma haka. Irin siririyar takardar nan ce mai santsi ta injin kantin magani, wadda rubutunta ba ya jure zafi. Saman silin kuwa duk bazara tanderu ne. Ɓera bai taɓa ko ɗaya ba, ruwa bai shiga ba. Rubutun ne kawai ya tafi. A wasu ana iya ganin inuwar sunan kanti in an ɗaga su a taga, amma ba rana, ba adadi.

Verna ba ta ce "na gaya miki" ba. Ta ɗora ruwan kofi.

"Ki cire kuɗinki kawai," in ji ta. "Banki ba ya tambayar rasit. Ai kin san kin biya."

"Ran da masu haraji suka tashi tambaya, ke za ki amsa musu? Da farar takarda?"

Mako uku ta yi tana bin sawu. Takardun asibiti na kwanciyar Orrin suna nan garau, don a takardar kirki aka buga su. 'Yar likitan haƙori ta tono mata wani tsohon fayil. Amma kantin maganin garin, inda mafi yawan kuɗin ya tafi, ya rufe shekara shida da suka wuce, mai shi ya mutu. Babban kantin da ya gaji kwastomominsa ya ce bayanansa ba su kai can baya ba. Kamfanin inshora kuwa sau uku aka sauya shi. Ta yini da waya a kunne tana jin kiɗa, a ƙarshe wata yarinya mai ladabi ta ba ta haƙuri. Marlys ta ce mata haƙuri ba ya tare ruwa, ta kashe.

Abin da ta iya kafa hujja a kansa ya isa sayen kayan rufi. Kuɗin aiki ne babu. Tana iya cire shi ta biya haraji da tara, amma sauran kuɗin shi ne zai riƙe gwiwoyinta shekara ukun da suka rage kafin inshorar gwamnati ta tsofaffi ta karɓe ta. Ta zuba fararen takardun a shara. Gwangwanayen ta wanke, don suna da amfani.

Ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada, jama'a suka sauka ɗakin ƙasa na coci shan kofi kamar kullum. Marlys ta miƙe da ƙyar, ta ƙwanƙwasa kofinta da cokali. Duane Hrubes, tsohon kafinta da ya yi ritaya, ya ɗago kai.

"Yau kuma wa ya yi laifi?" in ji shi.

"Rufe baki, Duane, da kai nake." Ba ta dubi kowa ba, bango ta duba. "Rufina yana yoyo. Kaya suna zuwa Alhamis, na biya. Kuɗin leburori ba ni da shi, kuma ba zan samu ba. Duk mai guduma da ƙafar hawa tsani ya zo Asabar, ƙarfe bakwai. Wanda ya san zai faɗo ya zauna a gida, ba ni da abin kai shi asibiti."