Ungozoma da Jaririn Roba

A ɗakin jarrabawar sabunta lasisi, wata ungozoma mai furfura tana tsaye, tabarau a kan hanci. In ta faɗi yau, ita da ɗakin haihuwa sai dai kallo. Aka miƙo mata jaririn roba, wai ta nuna yadda ake farfaɗo da wanda bai yi kuka ba.

Nan take ta kama aiki. Da gani, hannayen nan sun karɓi rabin unguwa. Tana goge shi, tana murza bayansa, tana lallashi: "Haba ɗan nan, yi kuka mana, uwarka na jira!"

Mai jarrabawar ta danne dariya. "Mama, kin ci. Ajiye shi."

Ungozomar ta harare ta, tana lulluɓe shi da mayafinta. "A kan teburin nan mai sanyi? Ke 'yar nan, ba ki da tausayi!"